Mayar da Kamshaf da Auna Tazarar Bawul Bayan Canza Gasket a Injin 1ZZ na Corolla

Sabon gasket ya zauna, notocin kan silinda guda goma sun ɗauru, 49 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) sannan ƙarin digiri 90 kowanne. A gareji da yawa nan ne hankali yake kwanciya, a ce ai babban aiki ya ƙare, saura haɗawa, maigida ya bar wa yara su mayar da kamshaf, sandar ƙarfen da ke buɗe bawul. Alhali wannan ragowar ce za ta nuna ko motar za ta yi shekaru tana aiki lafiya, ko kuwa za ta dawo bayan wata biyu tana karkarwa, silinda ɗaya ya mutu.

Bayanin nan a kan injin Toyota 1ZZ-FE ne, mai lita 1.8, wanda ke cikin Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Matrix da Pontiac Vibe na waɗannan shekarun, da wasu Avensis. Kamshaf biyu gare shi, bawul goma sha shida, sarƙa ce ke ja maimakon bel, kuma akwai VVT-i, wato na'urar da ke canza lokacin buɗewar bawul, a kamshaf ɗin iska. Abin da ya sa yake buƙatar natsuwa shi ne ba shi da sukurun saita tazarar bawul, wato 'yar ratar da ake bari tsakanin kamshaf da abin da yake dannawa don ya buɗe bawul. Wanda ya saba da injinan Honda masu roka ya san sassauta noti, juya sukuru, ɗaurewa, shi ke nan. Tsofaffin Toyota irin 4A-FE da 5S-FE kuwa shim ne, wato ɗan faifan ƙarfe, a saman kofin da ke kife a kan bawul, ana iya tsame shi ba tare da an ɗaga kamshaf ba. A 1ZZ babu ko ɗaya daga cikin biyun. Kofin da ke kife a kan sifirin ɗin bawul, kaurinsa shi ne saitin. In tazara ta kauce sai an canza kofin ɗungurungum, kuma kofi ba ya fita sai kamshaf ya tashi. Don haka duk awon da za ka yi, yi shi tun kafin sarƙa ta hau. Wanda ya bari sai ya rufe komai, sau biyu zai yi aikin.

In Corollar da ke gabanka ta 2009 ce zuwa sama mai injin 2ZR, bawul ɗinta da mai suke saita kansu, babu abin aunawa. In Camry ce mai 2AZ, tsarin kofin iri ɗaya ne amma lambobin sun bambanta, kada ka ɗauki na nan ka kai can.

Me yake canza tazarar tun farko

Gasket ɗin kansa ba ruwansa da tazarar bawul. Askin fuskar kan silinda da ake kai wa masu inji su yi shi ma bai taɓa ta ba, domin kamshaf da bawul duk a cikin kan suke zaune, tare suke sauka. Abin da askin yake ɗan taɓawa shi ne tayimin, wato daidaiton juyin kamshaf da na karanshaf (sandar ƙasa da fistin ke juyawa), saboda kamshaf ya matso kusa da karanshaf, shi ya sa ba a son aski mai yawa.

Abubuwan da suke canza ta su ne waɗanda ake yi a gefe ba tare da an ɗauke su komai ba. An yi garandin bawul, wato an goge bakinsa don ya zauna sosai, ko an yanke mazauninsa, bawul ya ƙara nutsewa ciki, jelarsa ta taso sama, tazara ta ragu. An sa sabon bawul ɗaya ko biyu, tsawonsu bai yi daidai da tsofaffin ba. An zube kofuna goma sha shida a roba ɗaya an wanke da fetur, kowanne ya koma inda hannu ya kai shi. Ko kuma an sayo wani kan silinda na Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ko Panteka, an haɗa shi da kofunan tsohon. Zafin da ya ƙona gasket ɗin ma yana iya taɓa mazaunin bawul ɗin hayaƙi.

Mai mota ƙara yake tsoro. In ya ji kyat-kyat daga saman inji zai dawo maka washegari. Amma bawul mai ƙara, wato mai tazara da yawa, ɓarnarsa a hankali take, kuma yana sanar da kai. Wanda ya kamata bakanike ya ji tsoro shi ne wanda ya matse. Ba ya ƙara ko kaɗan. Inji na yin zafi jelar bawul ta ƙara tsawo, 'yar tazarar da ta rage ta ƙare, bawul ya kasa zama sosai a mazauninsa. Bawul ɗin hayaƙi kuwa ta wannan zaman yake sauke mafi yawan zafinsa zuwa cikin kan silinda. Ya rasa inda zai sauke, wuta ta riƙa bi ta gefensa tana cin baki, har ya tsage ko ya ɓule. Sai a sake buɗe injin da aka rufe jiya-jiya, a sake sayen gasket.

Kayan da za ka tanada

Fila-geji, wato jerin siraran ganyen ƙarfe na auna tazara, mai kyau wanda ganyensa bai lanƙwashe ba bai yi tsatsa ba. Maikuromita na auna kauri, na 0 zuwa 25 mm. Ƙaramar sifanar tok, mai auna ƙarfin ɗauri, wadda take karanta 13 Nm da gaskiya, domin babbar da aka ɗaure kan silinda da ita ba ta jin ƙananan lambobi. Maganaɗisu na ɗaga kofi, baƙin mai sabo a 'yar gwangwani, gam ɗin inji mai jure mai, da takarda da biro. Takardar ba ado ba ce. Zana layi biyu, kowanne gida takwas, na sama iska na ƙasa hayaƙi, ka fara ƙirga daga ɓangaren sarƙa, domin nan ne gaban inji kuma nan silinda na ɗaya yake, ko da yake a cikin mota injin a gicciye yake kwance.

Inji ya kasance da sanyi. Bayan canza gasket wannan ba matsala ba ce, sai dai in kan ya daɗe a rana tsakar gareji, to a bar shi ya huce a inuwa.

Mataki na farko: tsabta da kofuna

Duba ramukan notocin kaf, wato marafan da ke danne kamshaf a gadonsa, ɗaya bayan ɗaya. In akwai mai ko ruwa kwance a ciki, busa shi da iska ko ka tsane shi da tsumma a kan siririn ƙarfe. Noti in ya sauka a kan mai, man ba shi da wurin zuwa, sai sifana ta nuna maka ya ɗauru alhali bai ɗauru ba, wani lokacin ma alminiyam ɗin ya tsage ta ƙasa.

Shafa yatsa a gadon da kamshaf yake kwanciya. Babu metal a nan, wato ɓawon ƙarfen da ake shimfiɗa wa karanshaf, kamshaf a kan alminiyam ɗin kai tsaye yake juyawa da siririn mai a tsakani. Ƙananan layuka da farce ba ya kamawa ba komai. In farce yana maƙalewa, ko ka ga alminiyam ya narke ya shafu, wannan kan ya taɓa rasa mai, kuma magana ta wuce ta tazara.

Akwai 'yar ragar tace mai ta VVT-i a jikin kan, a bayan wani noti kusa da bawul ɗin da ke sarrafa man. Gasket in ya ƙone ruwa ya gauraya da mai, wannan ragar takan toshe da dagwalo. Yanzu ne take da sauƙin fita. Ciro ta, wanke, mayar.

Sai kofuna. Kafin ka saka kowanne, juya shi ka karanta lambar da ke ciki ka rubuta a gidansa a takarda. Lambar tana nuna kauri: 38 na nufin 5.38 mm, 52 na nufin 5.52 mm. Ɗan shafa mai a jikinsa da kan jelar bawul, ka sake shi ya sauka da kansa. Ya kamata ka iya juya shi da yatsa. Wanda ya cije kada ka buga shi, ciro ka duba ko akwai datti ko ƙaramin tabo a bakin ramin. Kada ka cika cikin kofi da giris, zai hana shi zama sosai kuma awonka zai fito ƙarya. In kofunan sun riga sun cakuɗe, ba abin tashin hankali ba ne, saka su yadda suka zo, awo zai warware, sai dai lissafin zai yi tsawo.

Mataki na biyu: kawar da fistin daga hanya

Tunda sarƙa ba ta hau ba, kamshaf da karanshaf kowa zaman kansa yake. In fistin yana sama ka juya kamshaf, bawul zai iya dukansa, kuma lanƙwasar da ido ba ya gani ta isa ta hana shi rufewa.

Kawo karanshaf inda ki ɗinsa, ɗan ƙarfen da ke bakinsa mai riƙe giya, yake kallon sama, nan fistin na ɗaya da na huɗu suke ƙololuwa. Daga nan juya shi baya, saɓanin tafiyar agogo, kwata ɗaya, wato digiri 90. Yanzu fistin huɗun duk suna tsakiyar hanya. In kana shakka, zura doguwar sukudireba ta ramin fulogi na ɗaya da na biyu, za ka ga zurfinsu ɗaya. Bar shi a haka har ka gama duk awo.

Mataki na uku: kwantar da kamshaf

Na iska shi ne mai ƙatuwar giyar VVT-i a kai, kuma yana ɓangaren lagireto, domin a wannan injin bututun iska ne a gaba, na hayaƙi yana baya wajen bangon mota. In giyar VVT-i tana jikinsa ba a taɓa ta ba, bar ta. Akwai ƙaramin fil na kulle a cikinta, kuma ɗaure notinta ba bisa ƙa'ida ba yana lalata shi, daga nan mota ta riƙa ƙarar gwarr duk safiya.

Shawarata ita ce ka auna kamshaf ɗaya-ɗaya, na iska shi kaɗai, ka gama ka ɗaga, sannan na hayaƙi. Yana ƙara 'yan mintuna, amma babu fargabar bawul ɗin iska da na hayaƙi su buɗe lokaci guda a silinda ɗaya su gogi juna.

Zuba mai a gadon, da kan kofuna, da jikin kamshaf. Kwantar da shi ta yadda tozayen silinda na ɗaya, wato tuddan jikin kamshaf masu danna bawul, suna kallon sama ba sa danna kofi. Duk yadda ka ajiye shi wasu tozayen za su hau kan kofunansu, don haka ba zai kwanta daram ba, zai ɗan ɗago. Haka abin yake. Kaf ne za su saukar da shi.

Kaf guda tara ne da noti goma sha tara. Na gaba babba ne, ya haɗe kamshaf biyun, notinsa uku. Sauran takwas kowanne da harafi da lamba a bayansa, I na iska, E na hayaƙi, da kibiya da za ta kalli ɓangaren sarƙa. Waɗannan kaf ɗin tare da kan aka huda su a masana'anta, suna ɗaure a wurarensu. Shi ya sa ba a musanya su, ba a juya su, ba a kuma aro na wani kan. In ɗaya ya ɓace ko ya karye, kada ka ɗauka na kasuwa zai zauna don kamanninsu ɗaya.

Ɗan shafa mai a zaren notocin, ka kama kowanne da yatsa zagaye biyu ko uku tukuna. Daga nan ka fara saukarwa daga tsakiya zuwa gefe, rabin juyi a nan, rabin juyi a can, ka zagayo, ka sake zagayowa. Abin da ake so shi ne kamshaf ya sauka a miƙe, gaba da baya lokaci guda. Ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Wanda ya ɗaure kaf ɗaya har ƙasa alhali ɗaya gefen yana sama, ko dai kamshaf ya ɓalle biyu, ko kaf ya tsage, ko zaren ramin ya zube. Ka sa ido a gaba, inda kafaɗar kamshaf take shiga gurbinta. In ta hau kan gefe maimakon ta faɗa ciki, za ka ji noti ya yi nauyi tun kaf bai taɓa ƙasa ba. Tsaya, sassauta, gyara zamansa.

Sai kaf duk sun manne da kan, sannan sifanar tok ta shigo. Ƙananan 13 Nm, na babban kaf ɗin gaba 23 Nm. Lamba 13 ƙarama ce ƙwarai, hannun da ya saba da notin taya zai ga kamar bai yi komai ba. Ya yi. Kuma da injin iska ko na batir ba a taɓa waɗannan notocin.

Akwai wuri mai kusurwa shida a jikin kamshaf don sifana. Ta nan za ka juya shi, ba ta giya ba. Juya shi zagaye biyu don kofuna su zauna, man da ya yi yawa ya fita. Zai riƙa nauyi yana kuɓucewa saboda sifirin, ka kula da yatsunka. Amma in nauyin iri ɗaya ne ko'ina, kamar an riƙe shi, akwai matsala: ko kaf ya juya, ko kan ya lanƙwashe ta sama. Wannan na biyun yana faruwa ga kan da ya sha zafi sosai, aka aske ƙasansa ya miƙe, saman kuwa yana nan a gantsare. Don tabbatarwa, ciro kofunan ka ɗaura kamshaf shi kaɗai, ya kamata ya juya da hannu. In bai juya ba, wannan kan ba na mayarwa ba ne, gara a gaya wa mai mota yanzu.

Mataki na huɗu: awon kansa

Ga abin da Toyota ta ƙayyade, inji da sanyi: bawul ɗin iska 0.15 zuwa 0.25 mm, na hayaƙi 0.25 zuwa 0.35 mm. Motocin da suka zo daga Amurka sau da yawa za ka tarar da lambobin a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Ka lura, ganyen fila-geji da yawa lamba biyu ne a jikinsa, ta milimita da ta inci. A inci, na iska 0.006 zuwa 0.010 ne, na hayaƙi 0.010 zuwa 0.014. Wanda ya karanta 0.010 ya ɗauka 0.10 mm ne ya ɓata lissafinsa tun daga tushe.

Juya kamshaf har tozon da za ka auna ya juya wa kofi baya sosai, tsininsa ya yi nesa da shi iyakar nisa. Ka tuna bawul ɗin a ɗan karkace suke, don haka ka bi layin bawul, ba saman rufin gareji ba. Goge ganyen, zura shi a kwance tsakanin bayan tozo da fuskar kofi.

Yadda ake jin sa shi ne abin da ba ya koyuwa sai da hannu. Ganyen da ya dace yana shiga da ɗan ja, kamar zare wuƙa daga kube mai kama ta daidai. Wanda ya wuce salin-alin ya yi siriri. Wanda sai ka tura da ƙarfi har yana lanƙwashewa ya yi kauri, kuma ka sani da ƙarfi kana iya danne sifirin ɗin ka cusa ganyen da bai kamata ya shiga ba. Fara da siriri ka riƙa hawa har ka kai wanda ya ƙi shiga. Na ƙarshen da ya shiga da ja shi ne awonka. In geji ɗinka yana tsallake lambobi, haɗa ganye biyu, misali 0.10 da 0.08 su ba ka 0.18, amma ka goge su sosai don mai a tsakaninsu yana ƙara kauri.

Kada ka tsaya a kan "ya yi" ko "bai yi ba". Rubuta ainihin lambar a gidan kowane bawul, kusa da lambar kofinsa. Tozaye biyu na silinda ɗaya tare suke juyawa, don haka juyi huɗu ya gama maka kamshaf guda.

Ga inda nake da ra'ayi. Bawul ɗin hayaƙi da ya nuna 0.25 cif, a takarda yana cikin iyaka. Amma in yanzu aka yi masa garandi, zai ƙara zama kaɗan bayan inji ya yi aiki, kuma hanyar da zai bi ta matsewa ce. Tunda kamshaf a buɗe yake sarƙa ba ta hau ba, kai shi tsakiya, 0.30. Na iska da ya nuna 0.24 ko 0.25 kuwa ba zan tayar da hankali a kansa ba.

Mataki na biyar: lissafin kofi

Kofunan suna zuwa kauri 35, daga 5.06 zuwa 5.74 mm, tsakanin kowanne da na gaba 0.02 mm. Abin da ake nufa shi ne tsakiyar iyaka, 0.20 ga iska, 0.30 ga hayaƙi.

Ɗaga kamshaf kamar yadda ka saukar da shi, kaɗan-kaɗan a zagaye, wannan karon daga gefe zuwa tsakiya. Ciro kofin da za a canza, ka auna kaurinsa da maikuromita a tsakiya, inda ɗan tudun ciki yake taɓa jelar bawul. Lambar da aka buga ta lokacin da yake sabo ce, maikuromita ne zai gaya maka ta yau.

Lissafin: kaurin tsohon kofi, a tara da tazarar da ka auna, a cire tazarar da ake so. Misali bawul ɗin hayaƙi ya ba ka 0.18, kofinsa 5.42. Ka tara, 5.60. Ka cire 0.30, saura 5.30. Kofi mai lamba 30 kake nema. Ka ga bawul ya matse, kofi ya ragu, haka ya kamata. In lissafinka ya ba ka kofi mafi kauri ga bawul ɗin da ya matse, ka yi lissafin a juye, sake yi.

Wani misalin: na iska ya ba ka 0.31, kofinsa 5.36. Tarawa 5.67, cire 0.20, saura 5.47. Babu 47, akwai 46 da 48. Na 46 zai ba ka 0.21, na 48 zai ba ka 0.19. Duka suna ciki, amma ɗauki 46.

Kafin ka aika kasuwa, duba takardarka. Sau da yawa kofin da wannan bawul yake nema yana zaune a kan wani bawul ɗin da shi ma yake neman canji, domin kofin iska da na hayaƙi girmansu ɗaya. Musaya biyu ko uku takan rage abin saye zuwa kaɗan. Sharaɗin shi ne fuskar kofin ta kasance sumul, babu rami babu zane. Wanda za a sayo na hannu, a tafi da maikuromita, kada a dogara da lambar ciki kawai. Gareji mai yawan taɓa waɗannan injinan ya kamata ya riƙa tara kofunan duk wani kan da ya mutu, a jera su bisa lamba.

Abin da ba a yi: ba a goga fuskar kofi a dutsen wasa ko garanda. Taurin ƙarfen a sama-sama yake, in ka cinye shi tozon kamshaf zai haƙe kofin cikin ɗan lokaci, ya ci kansa shi ma. Ba a kuma cusa guntun gwangwani ko reza a ƙarƙashin kofi. In ko mafi siririn kofi, 5.06, bai ba da tazara ba, bawul ɗin ya nutse da yawa, aikin mai inji ne, ko ya rage kan jelar da injinsa ko ya canza mazaunin, kuma dole kan ya sake sauka. Saboda irin wannan ne ake son a yi awon gwaji tun kan yana kan benci, duk lokacin da aka taɓa bawul. Awon benci dai ba ya maye gurbin na bayan ɗauri.

Bayan canji, mayar da kamshaf, ɗaure da tok, juya zagaye biyu, sake auna duka takwas. Har waɗanda ba ka taɓa ba.

Mataki na shida: sarƙa

Kamshaf biyu sun zauna, kaf tara sun ɗauru. In an cire giyar kamshaf ɗin hayaƙi, notinta 54 Nm, ka riƙe kamshaf da sifana ta wurin kusurwa shidan lokacin ɗaurewa.

Tun karanshaf yana inda ka bar shi, juya kowane kamshaf zuwa matsayinsa: ɗigon da ke fuskar giyar iska da na giyar hayaƙi su kalli juna a layi ɗaya da saman kan, tozayen silinda na ɗaya duk sun saki kofunansu. Sai ka dawo da karanshaf gaba digiri 90 ɗin nan, bin agogo, ki ya kalli sama. Kada ka zagaya ta doguwar hanya.

Sarƙar tana da 'ya'ya masu launi guda uku, ɗaya na alamar giyar karanshaf, biyu na alamomin saman giyoyin kamshaf. Ɗora kowanne a kan alamarsa, ɓangaren da ba shi da tenshina (abin da ke ɗame sarƙa) ya miƙe tsaf, duk sakin ya taru a ɓangaren tenshina. In launin ya goge, ƙirga 'ya'yan da ke tsakanin alamomi a kan sabuwar sarƙa ko ka yi amfani da fentin da ka sa kafin kwancewa. Duba robobin da sarƙa take gogawa, in sun yi kwari mai zurfi canza su yanzu. Faifan da na'urar karanshaf take karantawa yana da harafin F, shi zai kalli waje. In aka sa shi a juye, komai zai haɗu daidai amma mota ba za ta tashi ba.

Murfin sarƙa da gam yake zama. Kankare tsohon gam tas, goge da abin da ba ya barin maiƙo, ja siririn layi, ka ƙara kaɗan a inda kan silinda ya haɗu da bulok. Gam ɗin Toyota cikin minti uku ake so a haɗa, kuma a ba shi aƙalla awa biyu kafin a tayar da inji. Yawan gam ba ƙarin kariya ba ne, rarar tana faɗawa ciki ta je ta toshe ragar famfon mai. Notin fuli, wato faifan bel na bakin karanshaf, 138 Nm.

Tenshina ta waje take shiga, ta bayan murfin. Danna sandarta ciki, maƙala ƙugiyar, sa sabon zoben roba, ɗaure notocinta biyu 9 Nm. Sai ka ɗan juya karanshaf baya kaɗan ƙugiyar ta saki, ka dawo gaba ka leƙa ta sama ka tabbatar sandar ta fito ta danne sarƙa. Mutane sukan manta da wannan, sarƙa ta tsallake haƙori a bugun farko.

Mataki na bakwai: zagaye biyu da awon ƙarshe

Fulogi a cire, juya karanshaf da hannu bin agogo zagaye biyu cikakku. In ya tsaya cak a wani wuri, kada ka ƙara ƙarfi, koma ka duba tayimin. In ya zagayo, tsagar fuli ta tsaya a kan 0, ɗigogin giyoyin biyu su sake kallon juna. 'Ya'yan sarƙa masu launi ba za su dawo kan alamominsu ba sai bayan zagaye masu yawa, kada wannan ya ruɗe ka.

A wannan matsayin za ka iya sake auna rabin bawul ɗin: na iska a silinda 1 da 2, na hayaƙi a 1 da 3. Juya karanshaf zagaye ɗaya cif, ka auna ragowar: na iska a 3 da 4, na hayaƙi a 2 da 4. Lambobin su yi daidai da na takardarka, ko su kauce da abin da bai wuce 0.01 ko 0.02 ba.

Zuba mai a kan tozaye, ɗiga gam a wurare biyun da murfin sarƙa ya haɗu da kan, sa sabuwar robar murfin sama, ɗaure a hankali, 9 zuwa 11 Nm ne kawai.

Tashin farko

Juye tsohon mai da filta ko da sun yi kama da masu kyau, ruwa ya riga ya shiga. Cire fis ɗin EFI, wato na tsarin fesa fetur, ka buga sitata na daƙiƙa goma, ka huta, ka sake, har fitilar mai ta mutu. Tunda fulogi suna waje, yi gwajin kwamfureshan, wato matsin cikin silinda, a lokacin: kada wani silinda ya gaza 145 psi, kuma bambanci tsakaninsu kada ya wuce kamar 15 psi. Wanda ya faɗi ƙasa, ɗiga masa ɗan mai ta ramin fulogi ka sake gwadawa. In matsin ya tashi, ringin fistin ne. In bai motsa ba, bawul ne ba ya rufewa.

Mayar da fulogi da fis, tayar. 'Yar ƙara ta daƙiƙa biyu ko uku kafin mai ya cika giyar VVT-i ba komai ba ce. Buɗe hita, bar marfin lagireto a buɗe har iska ta gama fita, ka tsaya sai ka ga fanka ta kama da kanta ta kuma saki. In an taɓa cire tamostat aka haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda aka saba yi da sunan zafin ƙasarmu, mayar da su yadda kamfani ya yi, sannan a nemo ainihin abin da ya kawo zafin da ya ƙona gasket ɗin, ko lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa, ko marfin da ba ya riƙe matsi.

In fitilar cek ta kama, na'ura ta nuna P0016, tayimin ya kauce da haƙori. P1349 ko P0011 da P0012 kuwa ɓangaren VVT-i ne, fara da 'yar ragar nan da bawul ɗin mai. Notocin kan silinda na wannan injin ba a sake ɗaure su bayan ya yi zafi. Bayan an ɗan zagaya da motar, haska tocila a bayan inji wajen tenshina da kusurwoyin murfin sama, nan ne mai yake fara tsattsafowa in zai tsattsafo.